Masarar Bayan Laburare

Zuwa ga Mama Rahila,

Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda na saba miƙa miki kowace safiya kina goge tabarau a ƙofar laburare. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba, amma labari ya cika mini baki, kuma ke ce za ki fi kowa jin daɗinsa.

Mama, bayan rasuwarki an kawo mana kwamfutoci. An kafa sola, an haɗa intanet, aka ce ni zan riƙa nuna wa masu karatu shafukan da za su amfane su. Da kina nan na san harara za ki fara yi musu, ke da ko wayarki sai na danna miki.

Amma dokarki na ɗauka na shiga da ita. Kin tuna ranar da na miƙa wa wani ɗalibi littafi daga kanta ban duba cikinsa ba? Kika ce, "Talatu, ko miya za ki kai wa baƙo ai sai kin ɗanɗana." To haka nake yi wa intanet. Duk shafin da zan nuna wa mutum sai na fara shiga da kaina. Wani ya cika nauyi, sabis ɗinmu na Mubi ba ya iya ɗaukarsa. Wani talla ce zalla. Akwai wanda ya dage yana koya mini shuka bayan narkewar dusar ƙanƙara, na yi dariya na rufe shi.

Ana cikin damina sai ga Baba Bitrus, manomin nan na Vimtim da kike karanta wa littattafan noma. Ya sauka daga babur riƙe da karan masara, ya shigo da shi har teburinki. Ganyen duk huji, tsutsa ta cinye tsakiyar. Ya ce, "Malama, masara na yana mutuwa. Mama ya tafi, yanzu wane ne zai duba mini?" Gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara. Maganin da ya fesa bai yi komai ba.

Maganar ta soke ni, amma ban tsorata ba. Na zaunar da shi, na shiga nema. Na samu bidiyon wasu manoma irin namu, suna zagaya gona da sassafe suna murƙushe ƙwan tsutsar, suna zuba toka da yashi a tsakiyar ganyen. Baba Bitrus ya miƙe zai tafi ya gwada. Na ce ya dakata. Idan tokar ta ƙone masa abin da ya rage fa?

Kin san inda na nufa. 'Yar gonarki ta bayan laburare, wadda muke tsokanarki a kanta muna cewa kin mai da ofis ƙauye. Ban bar ta ta mutu ba, Mama, bana ma na shuka, kuma tsutsar ta shige ta ita ma. Na ɗebo toka daga murhunmu a Sabon Layi, na zuba wa rabi, na bar rabi. Na kuma tura wa malamin gona bidiyon, ya ce hanya ce sananniya, a dai riƙa yi da sauƙin hannu kuma kada a daina zagayen safe.

Jiran ya yi wa Baba Bitrus tsawo. Ya dawo yana faɗa, wai ke ba kya ɓata masa lokaci haka. Na ce masa ke kika koya mini. Da sabon ganye ya fito lafiya a rabin da na zuba wa, sai na kira shi ya gani da idonsa. Na sa masa bidiyon a waya ya kai wa maƙwabtansa.

Ba duka gonar ta tsira ba, amma rumbunsa ba zai kwana wayam ba. Yanzu mutanen Vimtim da na Kwaja suna zuwa su tambayi "Malamar da ke gwadawa". Aikin nan na iya shi, Mama. Ina faɗa ba kunya, don na san wadda ta raine ni a cikinsa.

Jiya ya zo da ɗanyar masara a buhu. Ya ware mafi girma ya ɗora a teburinki, ya ce, "Wannan na Mama ne." Kewarki ta taso mini kamar ranar da muka dawo daga jana'izarki. Da na natsu sai na gasa ta, na raba wa duk wanda ke ɗakin karatu. Kada ki damu, sai da na fara ɗanɗanawa.

Allah ya ba ki hutawa mai daɗi, ya saka miki da alheri a kan kowane littafi da kika buɗe domin wani. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙurin dubawa kafin mu miƙa.

Taki har kullum,
Talatu