Ban Gajiyar da Ta Maida Ki Gadon Likita

Maraɗi, 9 ga Maris, 1956

Zuwa ga Tsahara matata, inuwar gawona a tsakiyar rani, sanyin randata, ruwan farko a kan yashin Gulbi, mai kan da ya fi icen ƙirya tauri!

Kin gaya wa Maliki mai allura kada ya bar ni in shiga ɗakin da kike kwance. Ya hana ni, amma bai hana takarda ba. Ni na koya miki karatun boko, don haka ki karanta, ko kina so ko ba ki so.

Fushi nake da ke, hasken idona, fushin da ban taɓa yi da kowa ba. Kwana ashirin da ɗaya kika yi a gadon nan bayan zuciyarki ta buga. Ranar sallama likita Nasara ya yi magana a gabana, ni na juya miki Faransancinsa ɗaya bayan ɗaya: ciwon dajin da ke cin ƙirjinki ya shanye miki jini, zuciyar kuwa tukunya ce da ta tsage aka liƙe, ko taɓarya kada ki ɗaga. Kika gyaɗa kai kamar 'yar kirki. Ashe jira kike in tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa!

Kwana huɗu kacal, kika yafa gyale kika shiga gari gida gida, wai ban gajiya ga waɗanda suka zo dubiya. Kika gama unguwa. Kika taka har Tibiri da ƙafa, a wannan zafin rana, saboda Gwaggo Tasalla ta kawo miki fura sau ɗaya. Fura! Kashegari kika nufi Jiratawa, kika faɗi a hanya, motar gujiya ta kwaso ki kamar buhu. Wa kika yi wa godiya a ranar, kurciyata? Yashi? Ko direban da ya zo ƙofar aji yana tambayar wane ne mijin wannan?

Kin fi tsoron a ce Tsahara ba ta da ladabi da a ce Tsahara ta rasu. Haba! Waɗanda kike kashe kanki dominsu, in sun zo ta'aziyya kwana uku za su yi, su ci tuwo, su yaba halinki, su kakkaɓe zanensu su tafi. Ni fa? Ni wa zai kakkaɓe mini?

Eh, gaskiya aka gaya miki. Tun ranar Talata ina zaune a ƙofar likita ina korar masu dubiya. Na kori matan unguwa, na kori 'yan Tibiri, na maida Gwaggo da kwaryarta. Ta ce boko ya cinye mini tarbiyya. Ta faɗa! Duk ƙafar da ta shiga ɗakin nan na san ke za ki bi sawunta in an sallame ki, kuma likita ya ce zuciyar nan ba ta da faɗuwa ta uku.

Kin tuna damanar aurenmu, da Gulbi ya cika muka rasa hanya, kika tattara zane kika riga ni shiga ruwa kina yi mini dariya, wai malami na tsoron jiƙewa? A ranar na so wannan taurin kan kamar in haɗiye shi. Yau shi ke neman raba ni da ke, kuma na tsane shi, na tsane shi!

Ga abin da zan yi. Duk wanda na kora, ni zan hau keke in je gidansa, daga nan har Tibiri da Jiratawa, in durƙusa a zaure, in yi godiya da sunanki, in sha zagin da na jawo. Ke kuwa ki kwanta. Ba roƙonki nake ba, tauraruwata, na gaji da roƙo.

In kin ga dama kada ki sake yi mini magana. Ki juya fuska bango in na shigo, ki ƙi ruwan da na miƙo, ki kai ƙarata wurin danginki duka. Zan ɗauka, in dai kina numfashi kike yi.

Naki, wanda ba zai bar ƙofar nan ba, kuma ba zai so wata ba har a binne shi,

Tanimu