Haulatu Biyu a Ɗanzomo

Gumel, Maris 1997

Zuwa ga Ephraim,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Madam Dinah. Ina sanar da kai cikin alhini cewa ɗan makullin da ke hana gyara a babban faifanmu na kwamfuta ya sha kashi jiya. Da farce na buɗe shi, ko ƙara bai yi ba.

Na san dokarka: kowa ya yi gyara a kwafinsa, ba a taɓa babban faifai sai ɗayanmu ya karanta ya sa hannu. To amma tun da aka kai ka Maigatari, ɗan gyara kaɗan sai ya hau motar Sajo direba ya je ya gaishe ka, kamar mai neman biza. Sunayen masu jarrabawar shiga sakandare kuwa ba sa jira. Na dai koya wa shirin kwamfutar ya share duk sunan da ya fito sau biyu. An buga, an aika makarantu.

Ka huta lafiya, alƙalin alƙalai.
Abdulƙahhar

Maigatari, Mayu 1997

Malam Abdulƙahhar,

Na amsa gaisuwa. Da ka aiko, da na tuna maka yadda yara ke ɗaukar sunan garinsu a makaranta. Haulatu Ɗanzomo su biyu ne a aji ɗaya. Ɗaya ta rubuta jarrabawa. Ɗayar ta je cibiyar jarrabawa a Sule Tankarkar da fensirinta a fiƙe, aka ce babu lambarta. A bakin taga ta tsaya har aka tashi.

Sunana ne a kan faifan, ni aka kira. Ban ambace ka ba. An sallame ni, ƙarshen watan gobe za mu koma gida Pankshin.

Allah ya kiyaye.
Ephraim

Gumel, Yuni 1997

Ephraim, ɗan'uwana,

Ina gaisuwa, in za ka karɓa. Na gaya wa shugaban ofis ni ne, ya ce takardar sallamarka ta riga ta fita.

Na je Ɗanzomo. Mahaifin Haulatun da na share ya shimfiɗa mini tabarma, ita ta kawo ruwa. Ta ce mini, "Baba, wai kwamfuta ce ba ta so na?" Na ce, "A'a, 'yata."

Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure. Ka gaida Dinah. Allah ya kai ku lafiya.

Abdulƙahhar