Jitar Gwanjo Mai Tsagaggen Wuya

Laraba da dare, Jibiya

Yau jitar da na ci a gwanjon intanet ta iso. Isuhu direba ya ƙetaro da ita daga Maraɗi, na tarbe shi a Magama, bakin iyaka, ina ta washe baki. A ƙarƙashin hotonta an rubuta wai kamar sabuwa take. Ina cikin ɗaure tsirkiya sai na ji ƙas, wuyan ya buɗe. Ashe tsohuwar tsaga ce aka liƙe da gam, aka shafe da baƙin fenti.

Na kira mai sayarwar. Ya ce, "Malam, gwanjo fa ka saya. Ƙila direbanka ne ya yar da ita." Ya kashe waya, ya toshe lambata. Isuhun da ya ɗora ta a kujerar gaba, ya hana fasinja zama!

Sani kafinta ya jujjuya ta, ya ce, "Abokina, wannan sai dai ado a bango."

Jibi ne bikin ƙanwata Hadiza, kuma na yi mata alkawarin ni zan yi kiɗa. Tsohuwar jitata kuwa na sayar wa abokina Lawal, har ina ce masa na wuce ajinta. Gobe da sassafe zan je ƙofarsa neman aro. Na san irin dariyar da zai yi.