Malam, Mi Ya Haɗa Ka da Yaƙin Holanda?

Da sunan Allah Mai rahama. Daga maiɗakinka a Horo Birni zuwa ga Malam, gaisuwa da girmamawa, duk inda wannan takarda ta iske ka.

Bayan haka, Allah shi gafarta Malam, na gaji.

Ka tuna Balaraben Gadamus da ya sauka zaurenmu a hanyarsa ta Sifawa? Da na san abin da zai bar mana, da ban dama mai fura ba. Shi ya ba ka labarin yaƙin da anka yi kan teku tun zamanin kakanni: mutanen Holanda sunka yi wa sarkin Isbaniya tawaye, sunka kewaye babban jirginsa da ƙananan jiragensu, jirgin ya kafe cikin rairayi, har sarkin yaƙinsa ya miƙa wuya.

Tun ranar ba ka sake zama lafiya ba. Ɗalibai su zo karatu, su iske ka kana zana teku a ƙasa da sanda. Albasa na ƙuna a fadama, kai kana lissafin inda iska ta kaɗo.

Har masakina ka ɗauka ka kai tabki, wai shi ne jirgin sarki, ƙoraina su ne 'yan tawaye. Ka tara magidanta da gemunsu suna jifa. Masakin da Inna ta ba ni ranar aurena! Da ya fashe, sai ka ce, "Ai haka anka yi."

Liman ya yi dariya, ya ce ƙaramin jirgi ba shi cin babba. Shi ke nan, ka rantse sai ka ga teku da idonka, ka bi fatake zuwa Yawuri. Daga nan shiru.

Haba Malam! Mutanen ga sun yi yaƙinsu don su zauna gidajensu lafiya. Kai wa ya kore ka daga naka?

Cikin da ka bar ni da shi, na sauka, mace ce. Ƙanenka Sani ya raɗa mata suna Hadiza. Ta fara tafiya, goshinka ta ɗauko, da taurin kanka. Jiya ta riƙe rigar Sani ta ce mai Baba. Ban hana ta ba, don ban san wa zan nuna mata ba.

Allah shi tsare ka da ruwa, babba da ƙarami. Shi sa ka ga abin da ka tahi gani, ka ƙoshi, ka juyo. Amin.

Taka,
uwar Hadiza.