Inna, Jirgin Ne Ko Shi Ne?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna mai atamfa.

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, 'yarki ce ta Greenbelt a Amurka, wadda kika ce bakinta zai kai ta inda ƙafarta ba za ta iya ba. To ya kai ni, Inna. Har tsakiyar teku ya kai ni, na kuma dawo da tambayar da ke kaɗai kika san amsarta, ga shi ba kya nan.

Yaya aka yi kika gane Baba ya fara ruɗewa? Wace rana ce, me ya yi? Don yau sati biyu da saukowarmu daga jirgin ruwa, har yanzu ban sani ba ko Baban Ummi ne mantuwa ta fara kamawa, ko jirgin ne ya juya mana kai mu duka biyun.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Takwararki Ummi, da kika bari tana sakandare, yanzu nas ce a wani asibiti a Largo. Ita ta shirya mana tafiyar, wai mun cika shekara talatin da aure. Na ce mata, 'yar nan, a garinmu gudun sanyi ake yi, ba a yi masa takakkiya. Ta amsa mini da Turanci kamar kullum, ta ce in je in huta. A watan Oktoba aka ɗebe mu daga Baltimore, kwana tara, jirgi yana bin gaɓar teku yana yin arewa har ƙasar Kanada.

Kada ki kawo kwalekwalen Wudil a ranki. Unguwa ce guda aka ɗora wa ruwa, hawa kan hawa. Amma ɗakinmu bai kai shagonki na Kwari ba, kuma ko taga babu. In ka rufe ƙofa, hantsi da magariba duk ɗaya ne. Kullum mu dawo mu tarar an naɗe tawul an yi giwa ko biri da shi an ajiye a kan gado. Ranar farko na yi a'uzubillahi kafin in taɓa.

Rayuwar kuwa ba wuya. Mu yi asuba, mu sha shayi, in ɗora rigar sanyi biyu a kan atamfata, in sa safar ulu, mu hau can sama mu zauna cikin bargo muna kallon ruwa mai launin toka. Aka ce akwai manyan kifayen nan da suka fi mota girma. Kwana tara ina zuba ido, ko wutsiya ban gani ba. Abinci kuma daga safe har yamma a jere, ba mai ce maka nawa. Ni da kika koya wa cewa duk abin da aka ce kyauta ne a ɗaga a duba ƙarƙashinsa, sai na kasa sakin jiki. Kifi da ƙwai da shinkafa muka tsaya a kai, da yajin da na ɓoye a jaka. Akwai wani jan ƙwaro mai kama da kunamar da ta ci ta ƙoshi, Turawa har layi suke yi masa. Na ce Allah Ya ba su lafiyar ci.

Kin san surukinki. Shekara ashirin da wani abu yana jan tasi a Washington, ba lungun da bai sani ba. Mutumin da in kika ce masa asibiti kaza, zai gaya miki hanya uku, ya gaya miki wadda ta cushe a wannan sa'ar. Saboda haka a kwanakin farko shi ne jagora, ni ce ɓatacciya. Lungunan jirgin duk kamarsu ɗaya, ƙofa bayan ƙofa, kafet iri ɗaya. Shi ya gano alƙibla ma. Akwai tashar talabijin a ɗaki da take nuna taswira da inda hancin jirgin ya dosa. Sai ya tsaya ya yi lissafinsa ya ce, yau gabas tana wajen banɗaki. Da la'asar ta koma wajen madubi. Na ce Baban Ummi, wannan gabas taka ta fi farashin leshi yawo.

Rana ta uku ya ce zai ɗebo mana shayi. Awa guda ba shi ba labarinsa. Sai ga shi wani ma'aikacin jirgin ya rako shi, hannu babu kofi. Baban Ummi ya yi dariya ya ce jirgin nan aljanu ne suka zana shi. Ni ma na yi dariya, don kowa ɓacewa yake. Akwai wata tsohuwar Baturiya, Linda, da aka haɗa mu tebur ɗaya da ita da mijinta wajen cin abincin yamma. Ita sau biyu a rana take cigiyar nata mijin, kuma lafiyarsa lau.

Washegari muka shiga ruwan Kanada, aka ce kowa ya ƙara awa ɗaya a agogonsa. Mun yi azahar tare, raka'a biyu ta matafiya, na naɗe sallaya. Ban gama ninke mayafi ba sai na ga ya sake shimfiɗawa ya tayar da kabbara. Da ya sallame na ce nafila ce? Ya ce azahar mana. Na ce ai mun yi. Ya dube ni, ya dubi agogo, ya ce masu taɓa lokaci su ne da alhaki. Kin ga ita ma wannan tana da uzuri. Ni kaina a ranar ban san ƙarfe nawa ba ne.

Amma da na zauna cikin bargona sai wasu abubuwa na gida suka riƙa dawo mini. Makullin mota da na tsinta a cikin firji. Ranar da ya wuce mashigarmu a kan babban titin Beltway, ya ce hira ce ta ɗauke masa hankali, alhali ba wanda ke magana. Da yadda ya ajiye tasi bara ba zato, ya ce bayansa ke ciwo, mutumin da ban taɓa ganin ya dafa ƙugu ba.

Sai na ce bari in gwada shi yadda kika koya mini gwajin atamfa, a jiƙa gefe a murza a farin ƙyalle a ga ko za ta zuba. Na ce, wai in mutum zai je filin jirgi daga gidanmu da safe, ta ina ya fi? Ya zayyano mini hanya tiryan-tiryan har da inda 'yan sanda ke laɓewa. Na tambaye shi sunan maƙwabcinki na kasuwa mai shadda, ya faɗa har da laƙabinsa. Raina ya yi sanyi. Sai na ce, af, me ma muka karya da shi yau? Ya yi murmushi ya ce, "Ke me kika ci?"

Inna, wannan dabarar tamu ce. Ke kika koya mini: in an ɗauko kayan da ba ki tuna kuɗinsa ba, kada ki yi shiru, ki ce wa mai saye, nawa za ki saya? A bakin mijina na ji ta, kuma ban san ko tsokanata yake yi ba, don da ma mai tsokana ne.

Kada ki ce na cika zargi, don ni ma ban fita ba. A wani garin bakin ruwa da muka sauka yawo, ni ce na manta katin komawa jirgi a shagon sayar da tsaraba, shi ya tuna mini. Na kira Linda da sunan wata mai sayen turaren wuta a wurina har sau biyu. To wa zai gwada wa? Wataƙila mu biyun tsufa ne kawai ya leƙo, ruwa ya ƙara jijjiga mu.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru a teburin abinci, rana ta shida. Linda da mijinta suna tahowa, na ga idon Baban Ummi ya tsaya a kansu babu komai a ciki, irin kallon da ake yi wa fasinjan da ba a taɓa ɗauka ba. Kafin in yi tunani sai na ji bakina ya ce da ƙarfi, Baban Ummi, ga Linda da maigidanta da muke cin abinci tare kullum. Ya miƙe ya gaishe su da fara'a, aka zauna.

Muryarki na ji a bakina. Haka kike yi a zaure. "Malam, ga Sani ɗan ƙanwarka ya zo gaishe ka." "Malam, ga Liman na masallacinmu." Mu muna ƙus-ƙus muna cewa Inna ta cika shela, sai ka ce Baba bai san ɗan ƙanwarsa ba. Ashe bai sani ba ɗin. Shekara nawa kika yi kina riƙe masa sunayen mutane ba mu lura ba? Sai da ya fita sallar Juma'a aka tsinto shi a Fagge sannan muka sani, kuma a lokacin ba sauran abin da za mu tambaye shi ya amsa. Na daɗe ina jin haushinki a kan wannan, ban taɓa gaya miki ba.

Tsofaffin Turawan jirgin suna da wata al'ada, kullum da hantsi su riƙe hannun juna suna zagaya saman jirgin. Na sha yi musu dariya, na ce ko tsoro suke kada iska ta kwashe ɗaya. Rana ta bakwai hazo ya rufe ko'ina, jirgi yana ta busa ƙaho, muna tafe a wurin, sai na ji an kama gefen mayafina. Baban Ummi ne. Shekara talatin bai taɓa taɓa ni a gaban mutane ba. Bai kuma saki ba har muka koma ɗaki. Ban san me zan ji ba, Inna. In so ne, ya makara amma ina maraba. In kuma tsoron ɓacewa ne fa? Na juya abin ta kowace fuska, fuska biyun duk ɗaya suke, kamar atamfa mai kyau.

Da safen da za mu sauka, muna tsaye muna hango Baltimore, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Hajiya, na ga kwana biyu kina yi mini jarrabawa. Na ci ko na faɗi?" Na ce malamar ce ba ta iya duba takarda ba. Ya yi 'yar dariya. Sannan ya gaya mini ba baya ne ya raba shi da tasi ba. Wata rana ya sauke fasinja, ya tsaya a danja a Largo, fitila ta ba shi hannu, ya rasa ta ina gida yake. Na bayansa suna ta hon. Ya ce bai fi minti biyu ba abin ya dawo, amma daga ranar ya ji tsoron ɗaukar ran mutane.

Ya roƙe ni kada in gaya wa Ummi. Ya ce za ta karɓe makullin mota, ta riƙa yi masa magana a hankali da Turanci kamar marasa lafiyarta. Na san gaskiyarsa, haka za ta yi. Sau uku tana kira tana tambayar yaya tafiya, ina ce mata sanyi ne kawai. Ga 'yar da ta san likitocin abin, ga uwa tana ba ta labarin tawul mai kama da biri.

Sati biyun nan a gida lafiya lau yake. Ya kai ni Mitchellville kai kaya ya dawo da ni ba kuskure ko ɗaya. Sai in ce jirgin ne. Jiya kuma ya tambaye ni sau biyu ko yau Laraba ce. Sai in ce shi ne. Ni da nake gane jabun leshi daga ƙofar shago, na kasa gane mutumin da nake kwana nake tashi da shi.

Abu ɗaya na sani, ba zan iya irin naki ba. Ke kina da zaure da dangi da unguwar da kowa ya san Malam, in ya ɓata a dawo da shi. Nan in ya ɓata, babban titi ne.

Shi ya sa ɗazu bayan azahar na zaunar da shi na karanta masa wasiƙar nan tun daga sallama. Na gaya masa zan saka ta a intanet inda ƙawayena ke karantawa, kuma ya san bakinsu, kafin Lahadi ta isa kunnen Ummi. Na ce in ya ce a'a, in yaga. Sai ya ce in saka, ya fi masa sauƙi a kan ya faɗa da bakinsa. Har na miƙe, ya ce amma in gyara wuri ɗaya. "Ba a Largo ba ne. A Landover ne, danja ta biyu bayan gidan mai, ina kallon yamma."

To kin ji, Inna. Mutum ya tuna daidai inda ya yi mantuwa, har da inda yake kallo. Ni wannan a wane gefe zan sa shi? Ban gyara ba, na bar nawa kuskuren a sama yadda yake, don in an je gaban likita a san ba shi kaɗai ba ne.

Na yafe miki shirun da kika yi mana, ke ma ki yafe mini surutun da na yi. Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Baba, Ya haɗa ku a inda ba sai kin gaya masa sunan kowa ba. Allah Ya sa jirgin ne. In kuma ba jirgin ba ne, Ya ba ni rabin haƙurinki, Ya sa Ummi ta yi wa ubanta magana da Hausa ko da gurguwa ce. Amin.

Taki har kullum,
Maman Ummi, Greenbelt.