Igiyar Idi

Dakoro, daren Laraba, damina 1956

Alhamdu lillahi! Hannuna da Idi ya ciza har yanzu zugi yake, amma yau na ci nasara.

Yaron nan ubansa ya kawo shi likita, inda nake aikin jinya, da marin ƙarfe a ƙafa saboda yana dukan mutane da cizo. Ni na sa aka cire. Ɗazu wani yaro ya kira shi mahaukaci. Idi ya dunƙule hannu. Sai ya juya ya ɗauki kaba ya hau tufkar igiya, yadda na koya masa in zuciya ta taso.

Uban na kallo. Ya miƙo mini marin ya ce, "Malam, ka ba maƙeri ya yi mini hauya da shi."