Ka Aro wa Baba Idonka, Yaya Yunus

Utaibiyya, Makka
Rajab, 1436

Zuwa ga Yaya Yunus,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Aunty Hajo da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri a Kano. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙanwarmu Manal ta sauka lafiya, an samu mace. Baba yana cin abinci, ƙafar ma ta yi sauƙi, sai dai idon nan ya tafi, likita ya ce sai haƙuri. Shekara biyu ke nan da maganar iƙama, takardar izinin zama, ta raba mu da kai, amma wallahi har yau nakan zuba shayi kofi uku kafin in tuna.

Maganar ƙwallo ce ta sa na ɗauki biro, kuma kada ka yi mini dariya, ni da ban san gola da alƙalin wasa ba. Ka san Baba ba ya wasa da shirin nan na bayan la'asar da ake taƙaita wasannin jiya. Tashoshi uku na gwada masa. Mai sharhin ta farko ihu kawai ya iya, ya ja "Allah, Allah" har numfashinsa ya ƙare, bai faɗi wanda ya ba wa wani ƙwallo ba. Baba ya ce wannan ai mai shela ne. Ta biyu kuwa ƙattai huɗu ne cikin kwat suna musu a kan alƙali, ƙwallon minti biyu, surutun awa guda. Ta ukun ce ta burge ni, hotonta tas, ba hayaniya, sai na bar masa ita na shiga kicin.

Yaya, ashe su kiɗa kawai suke sawa a kan ƙwallayen, ba mai cewa uffan. Na fito na tarar da shi ya gyara zama, ya fuskanci talabijin, hannu a kan gwiwa. Ya tambaye ni ko har yanzu ba su fara ba, alhali an gama tun ɗazu. Na koma kicin na yi kuka na ƙoshi.

Washegari na kashe sautin kamar yadda kake yi, na ce ni zan ba shi labari. Kai! Sai "ga shi nan, ga shi nan, ya buga" nake ta yi, rabi da Larabci. Ya yi murmushi, ya sa mini albarka, ya ce in bar shi haka nan. Ya ce Yunus ne ke gaya masa har wanda ya gaji da wanda ke jin tsoro. Tun ranar bai sake neman shirin ba, kwana goma sha biyu yau. Da la'asar sai ya kwanta ya juya wa ɗaki baya, kuma wannan kwanciyar ce ke ba ni tsoro.

Don Allah ka riƙa kallon shirin a can, kowace tasha ka samu, ka ɗauki muryarka a waya ka turo. Da Hausa, da tsokanarka duka, har ƙwallon da aka zubar a gaban raga kada ka tsallake. Zan ajiye wayar a hagunsa, don har yanzu in an yi maganar ƙwallo can yake juya kansa, wajen da kake zama.

Ka gaida Aunty Hajo, da Kawu Dawuda, da Zali. Manal da mijinta Sami suna gaishe ka. Ban gaya wa Baba na rubuto ba, kada ya fara jira.

Ƙanwarka mai kewarka,
Maryama